Burodin da Habibu ya yi wa tari

Ranar da Issouf ya shigo gida da burodi da leda biyu, kowa ya ɗauka yaron ya yi abin kai ne, ya sayo wa mutanen gida abin karyawa. Ashe karatu ya kawo. Ya tsuguna a tsakar gida gaban wansa Habibu, ya raba burodin biyu, ya yayyafa wa kowane ɓari ruwa, sannan ya miƙa guda.

"Yaya, yi mishi tari."

Habibu na zaune a tabarma, ɗiyarsa Fatouma na kan cinyarsa tana ƙoƙarin cusa masa dabino a hanci. Ya dubi ƙanensa, ya dubi burodin.

"Mi ya yi mini da zan yi mishi tari?"

"Gwaji ne. Mushe, malaminmu, ya ce kowa ya yi a gida."

Tari kuwa ba sai an roƙi Habibu ba. Tun da ya dawo daga dajin zinariya na Tchibarakaten, inda ya yi shekaru a bakin mashin mai niƙa dutse, yake fama da shi, busasshe, mai tasowa daga can ƙasan ƙirji. Ya yi wa burodin guda mai kyau. Fatouma ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ita ma sai ta yi. Issouf ya ƙulle ɓarin a leda, ya ƙulle ɗayan da ba a yi wa komai ba a leda ta biyu. Wannan, in ji shi, sunansa témoin, wato shaida, shi za a duba a gane bambanci. Ya kai su bayan randa ya ajiye.

Shekarar Issouf ta farko ke nan a jami'a. Karatun kasuwanci yake yi, amma an haɗa musu da darasi guda na biyoloji, ilimin halittu, don kada su fita duniya ba su san gefen da hantarsu take ba. Darasin ya shiga kansa fiye da yadda malamin ma ya nufa. Ya daina cewa datti, sai mikrob, wato ƙwayar cuta. Inna kuwa, mahaifiyarsu, duk maganar da ta fito bakin Issouf da Faransanci a cikinta ba ta neman ƙarin hujja. Dakan fura ta yi ta yi har yaron ya kai inda ya kai, kuma dole dakan nan ya haifar da wani abu da za a nuna wa maƙwabta.

Bayan ƴan kwanaki ya fito tsakar gida da leda guda, riƙe da bakin yatsu, ya naɗe hancinsa da rawani. Burodin ya yi kore, ya yi baƙi, har gashi ya fitar. Inna ta bar turmi ta zo ta leƙa, ta ja da baya tana salati.

"Voilà," in ji Issouf. "Abin da ke cikin ƙirjin Yaya ke nan."

Souwaiba, matar Habibu, ta ɗago kai daga wanki. "Ina ɗayan? Shaidar?"

"Akuya ta cinye."

Akuyar na ɗaure a turkenta, ba ta musa ba.

Issouf ya yi bayani a tsaye, hannu ɗaya a baya kamar yadda mushensu ke yi. Sunan ciwon tuberculose, tarin fuka. Ta numfashi ake ɗauka, da kwano, da finjalin shayi. Yara ƙanana suka fi saurin kamawa, don jininsu bai ƙosa ba. Bai ƙarasa ba Souwaiba ta share hannu a zane, ta zo ta ɗauke Fatouma daga jikin uban. Ba da faɗa ta yi ba. Cewa ta yi lokacin wanka ne, alhali tun da safe aka yi wa yarinyar wanka.

Habibu ya tsorata ƙwarai, ba don kansa ba. Mutum ne da unguwa ta gaji da yi wa dariya wai bai san kunyar ɗiyar fari ba: kasuwa da ita, wurin shan shayi da ita, in tana cin abu a bakinsa take ƙarasa shi. Ya tuna duk tarin da ya yi tana kwance a ƙirjinsa.

"To, mu tafi likita a duba," in ji shi.

Inna ba ta kiran sunan Habibu, kuma ba ta yi masa magana ido da ido, shi ne ɗanta na fari. Don haka ta juya ta yi wa bango bayani.

"Likita? Mutum shi tafi shi zauna cikin masu tari, wata ta gan shi, kafin la'asar duk unguwar Dagmanet ta ji? Wa zai sake shan furar gidan nan? Ga mai ilimi cikin gida, mi za a je nema waje? A bari tukuna."

A tsakar gidan aka ƙone burodin da ledarsa, kowa na kallo.

Akwai wani ɗaki a bayan gida, kusa da turken akuya, inda Inna ke ajiye buhunan gawayi. Taga babu, ƙyauren langa-langa ne. Nan aka shimfiɗa wa Habibu tabarma. Souwaiba da Fatouma suka koma ɗakin Inna. Ɗakin Habibu kuwa, wanda ya yi wa siminti ya jawo masa kuran, wato lantarki, da hannunsa, aka wanke shi da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta har bango. Tun da bai kamata a bar ɗaki haka ba kowa ba, kuma mutum ɗaya ne a gidan ya san yadda ake kare kai, Issouf ya sadaukar da kansa ya kwashe littattafansa ya shiga. Ya karɓi salular Habibu ma, wai ba abin da ke tara mikrob kamar salula. Ya goge ta sosai, da ta bushe ya sa nasa layin a ciki.

Aka ware masa kwano da finjali da buta. Souwaiba kan kawo abinci ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta ja baya. In ya gama ya turo kwanon waje, a zuba masa jabel. Daga nan tuwo, shinkafa da fura duk suka koma ɗanɗano ɗaya. Aka kuma gaya masa cewa in masu sayen fura na zaure ya toshe bakinsa da tsumma, don an shaida wa unguwa ya koma daji.

A kwanakin farko Fatouma ba ta san da wata doka ba. Wata hantsi ta faki idon uwarta ta sheƙo a guje, ta wuce akuya, ta tura ƙyauren, hannuwa a buɗe. Habibu ya miƙe ya manne da buhunan gawayi, ya ɗaga hannayensa sama.

"Koma! Fita na ce!"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta tsaya tana kallonsa, baki a buɗe, kukan ma bai zo ba sai da Souwaiba ta sure ta. Habibu ya zauna ya yi kuka shi ma, tarin ya hana shi yin sa yadda ya kamata.

Issouf ya ce laifin rashin ilimi ne, ya ɗauki nauyin koyar da yarinyar. Daga ramin ƙyaure Habibu na ganinsu a inuwa. Ya buɗe mata littafi ya nuna mata hoton wani abu mai gashi da ƙafafu, ya ce irinsu ne a jikin Baba, ido ba ya ganinsu, amma suna tsalle. Ya koya mata rufe hanci da wuyan riga in za ta wuce bayan gida. Ya koya mata wanke hannu irin na lokotoro a asibiti, ciki da baya da tsakanin yatsu. Yarinyar akwai kai, abu sau ɗaya ake nuna mata. Inna ta ce wannan jinin Issouf ta ɗauko.

Wata rana Habibu na jan buhu don ya samu wurin miƙe ƙafa, sai ga farar leda a ƙulle a lungu. Ya ɗaga ta a hasken ƙofa. Burodi ne, ya yi kore, ya yi baƙi, da gashinsa. Ya daɗe riƙe da ita. Da Issouf ya zo wucewa ya kira shi.

"Issouf, akuyar nan ta yi aman shaidarka."

Issouf ya tsaya daga nesa, ya gyara rawani. Ya dubi ledar, ya dubi akuya, kamar mai tuno abin da aka karanta.

"Donc abin ya fi yadda nike zato," in ji shi. "Kusa da juna na aje su. Mikrob ɗinka leda biyu ya ratsa, Yaya."

"To mi ya sa ka ɓoye?"

"Don kar hankalin Inna shi tashi."

Habibu ya sha ganin burodin da ya jiƙa ya yi fumfuna a daji, ba tare da kowa ya yi masa tari ba. Ya so ya faɗi haka. Amma ya tambayi kansa, in fa yaron nan gaskiya gare shi? Shi dai zato yake yi, kuma ba ya iya ɗora ran Fatouma a kan zato. Ya ce dai a kai shi likita, a gani, kowa ya huta. Issouf ya ce jarrabawa ta matso, da ya gama da kansa zai kai shi.

Jarrabawa ta wuce, azumi ya kama. Azumi kuwa shi ne kakar masu fura, tun azahar ake cika zauren Inna da kwanuka, tsumman Habibu ya kusa zama a bakinsa wuni guda. Ya aika Souwaiba ta gaya wa Inna zai tafi shi kaɗai, ko rakiya ba ya so. Sai ga Inna da kanta ta zo bayan gida, karo na farko. Ta tsaya wajen turke, ta fuskanci akuya.

"A gaya wa mai ɗakin nan, in ya taka ƙofar gidan nan da ƙafarshi kafin in ce, ban yafe ba. Ni na haife shi, ba ni son abin da zai taɓa shi. Salla ta wuce tukuna."

Ba za a ce ba ta damu ba. Kullum da yamma takan aiko da kasko, garwashi da sassaƙe da ƙaro, a tura masa ciki a ja ƙyaure, wai hayaƙin na buɗe ƙirji. Habibu kan kwanta ya sa hancinsa a ƙasan ƙofa inda iska ke shigowa, har kaskon ya mutu. Da safe in an tambaya ya ce da sauƙi, don in ya ce babu sauƙi kasko biyu ake kawowa.

Salla ta zo. An yi wa Fatouma kitso da lalle, an ɗinka mata riga ruwan goro. Habibu ya roƙi Souwaiba ta tsayar da ita a inda zai gan ta da kyau, ko daga nesa. Souwaiba ta kawo ta har wajen turke. Yarinyar ta ja wuyan sabuwar rigar ta rufe hanci, don haka fuskar da yake son gani rabi ya gani.

"Ki ce barka da Salla, Baba."

Ta faɗa a cikin riga, ta juya ta tafi.

"Baban Fatouma, ka yi haƙuri," in ji Souwaiba, murya ƙasa-ƙasa. "Ni ma ba daɗi nike ji ba. In na yi magana Inna ta ce so nike in kashe mata jika. In na yi shiru, kai nike kallo. Na so in aika gidanmu, ta ce in na fitar da maganar gida in bi ta."

"Fatouma na tambaya ta?"

Souwaiba ta gyara ɗankwali. "Da tana yi."

Wannan kalma ta fi masa ciwo a kan tarin. Bayan Salla aka ce maƙwabta na da biki, sun yi odar fura mai yawa, ba za a fara wata magana yanzu ba. Habibu bai sake tambaya ba. Da ma a lokacin ko an buɗe masa ƙofar gida ba zai kai bakin titi ba. Zuwa bayan gida da buta sai ya tsaya ya dafa bango ya huta. Wandonsa sai da ya ƙara wa mazagi ƙulli. Ƙurar gawayi ta shiga tabarma, ta shiga gemu, in ya tofa yawu baƙi yake fita, Issouf ya leƙa daga nesa ya ce alama ce ta mataki na biyu.

Wata azahar ya ji sallama a zaure, muryar da ya sani. Illiya ne, abokin aikinsa na daji, wanda suka yi shekaru suna cin tukunya ɗaya. Ya shigo gari, ya ce bari ya gaida Habibu, layinsa ya daɗe ba ya shiga.

"Ai ba ya nan," in ji Inna, don wanda ya fito daga daji ba za a ce masa Habibu na daji ba. "Ya tafi Bilma, harkar dabino."

Habibu na kwance da tsumma a baki, kamar yadda aka saba. Ya ji Illiya na cewa to, Allah shi maido shi lafiya, a gaishe shi. Ya ji takalmi na juyawa. Bai yi wani dogon tunani ba, hannunsa kawai ya sauke. Tarin da ya daɗe a tsare ya fito gaba ɗaya, har langa-langar ƙofa na amsawa.

Takalmin ya tsaya.

"Inna," in ji Illiya, "Bilma ta matso kusa haka?"

Bai jira izini ba. Ya ratsa tsakar gida, ya ture ƙyauren, ya tsaya. Habibu ya ɗaga hannu yana nuna masa ya ja baya, ana ɗauka. Illiya ya dube shi, ya dubi buhunan, ya dubi kaskon da ke gefe, ya ce innalillahi. Sannan ya durƙusa ya rungume shi. Rabon Habibu da jikin mutum ya taɓa nasa tun ranar da aka ƙone burodi.

Inna ta biyo har tsakar gida tana faɗa wa iska cewa ta riga ta yi magana, wanda ya taka ƙofar nan da ƙafarsa shi ya sani.

"Ba zai taka ba, Inna," in ji Illiya. "Ɗaukar shi zan yi."

Haka kuwa aka yi. Ya saɓa shi a kafaɗa, ya ratsa ta cikin masu sayen fura, ya tsayar da adaidaita. Matan da ke zaure suka buɗe hanya, suna kallon mutumin da ke Bilma.

A likita, wato asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka karɓi majinarsa aka ce ya dawo. Gidan Illiya ya kwana. Da aka kawo abinci Illiya ya hana a raba musu kwano, ya ce shi ya gaji da wanke-wanke. Da suka koma, lokotoron, wata mace mai gajiyayyen ido, ta ɗaga hoton a taga ta tambaye shi aikin da yake yi. Ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta ji amsar nan har ta gundure ta.

Ta ce babu ƙwayar tarin fuka a jikinsa. Ƙurar dutse ce ta zauna a huhunsa ta taurara shi. Ba a ɗauka, ko a kwano, ko a numfashi. Ba ta kuma warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya nisanci ƙura da hayaƙi, ya samu ɗaki mai iska, ya ci abinci. Ya riƙa zuwa ana duba shi, don masu irin huhunsa tarin fuka na saurin kama su.

"Ina kake kwana?"

Habibu ya dubi Illiya. Illiya ne ya faɗa. Lokotoron ta ajiye abin rubutunta ta dube su.

"Madam," in ji Habibu, "ina da ɗiya ƙarama. Ina iya ɗaukar ta?"

"In kana da ƙarfin ɗaukar ta, ɗauke ta."

An gaya wa mutum ciwonsa ba ya warkewa, amma ya fito yana murmushi. A hanya ya sa aka tsaya Illiya ya sayo masa alewa.

Da la'asar suka iso. Zauren ba kowa, kwanukan fura na jere a rufe, da alama labari ya riga su zagaya unguwa. Inna na zaune bakin turmi, Issouf a ƙofar ɗakin siminti da salula a hannu. Habibu ya zauna a tsakar gida, a inuwar da ya saba zama, ya jira numfashinsa ya dawo. Sannan ya faɗi abin da lokotoro ta ce, duka, bai rage komai ba, don shi ba mutum ne mai rage magana ba.

Souwaiba ta rufe fuska da gyale ta fashe da kuka.

"Attends," in ji Issouf. "Ta ce tarin fuka na saurin kama irinka?"

"Haka ta ce."

"To ai maganata ke nan. Yau babu, gobe fa? Rigakafi muka yi. A biyoloji ba a jira sai abu ya faru."

Illiya ya buɗe baki, Habibu ya dafa masa gwiwa. Inna ta fuskanci turmi ta ce Allah shi ƙara sauƙi, ita da ma ba ta taɓa cewa ga abin da ke damun mutum ba, abin da masu karatu suka faɗa ta bi. Yanzu dai ga shi an fita da mutum a kafaɗa gaban jama'a, furar wuni guda na nan za ta yi tsami, ba wanda ya tambayi wannan. Batun ɗaki kuma a bari yaron ya gama shekararsa, ba a tayar da mai karatu tsakiyar karatu. Za a dai kwashe gawayin.

Ba wanda ya ce a yi haƙuri. Habibu ma bai nema ba, ba ɗaki ne ya dawo da shi ba.

"Souwaiba, kawo min ita."

Souwaiba ta shiga ɗakin Inna ta fito riƙe da hannun Fatouma. Yarinyar ta ƙara tsawo. Da ta hango wanda ke zaune a inuwa ta ja birki, ta ja wuyan riga ta rufe hanci.

"Zo, uwata," in ji Habibu. "An duba, babu komai. Ga alewa."

Ba ta motsa ba. Ta dubi alewar, ta dubi hannun da ke riƙe da ita.

"Je ki mana, Babanki ne," in ji Souwaiba. "Lokotoro ta ce ƙarya ne."

"Suna tsalle," in ji Fatouma daga cikin riga.

Souwaiba ta ɗauke ta cak ta nufo shi da ita. Yarinyar ta fasa ihu, tana shure-shure, tana kiran Inna, tana kiran ƙanen ubanta, Tonton Issouf. Kukan tsoro ne na gaske, irin wanda yaro ke yi in kare ya biyo shi. Habibu ya ce a sauke ta, a sauke ta don Allah. Amma da aka kawo ta kusa ya kasa haƙura, ya miƙa hannu ya kama ƴan yatsunta, ya riƙe kaɗan, ya saki.

Tana dira ƙasa ta ruga wajen randa. Ta ɗebi ruwa da moɗa, ta ɗauki sabulu, tana shessheƙa. Ta wanke ciki, ta wanke baya, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Duk gidan ana kallonta. Ba wanda ya taɓa ganin yarinya mai shekarunta ta wanke hannu da kyau haka.

Da ta gama ta wuce ta gaban ubanta, ta nesa, ta je ƙofar ɗakin siminti. Ta ɗaga hannuwanta biyu suna ɗigar ruwa.

"Tonton, sun fita?"

Issouf bai dubi inuwar da Habibu ke zaune ba. Da ya ce mata da ma babu komai, da sai ya faɗi haka gaban Inna, da Illiya, da matar wansa. Ya ajiye salular, ya kama hannuwan yarinyar, ya juya su ciki da baya, ya duba da kyau.

"Sun fita," in ji shi.